ISKAR DUTSE DA KEWAYE: ABIN DA MAI SHIRIN ƘAURA YA KAMATA YA SANI

Wannan jawabi ne da wani malamin gandun daji ya gabatar ga magidanta masu shirin komawa Dutse da garuruwan da ke kusa da ita.

  

Maganar yau a kan iska ce. Wani zai ji haka ya yi dariya, ya ce ashe maganar iska ce ta sa aka tara magidanta. To, wanda ya taɓa wayar gari ya ga kwanon ɗakinsa a gonar maƙwabci, shi kam ba zai yi dariya ba.

Ranar 27 ga watan Agusta na 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga cikin tsohuwar Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birnin jihar. Tun daga ranar mutane ba su daina tahowa ba. Ma'aikata sun taho. 'Yan kasuwa da magina da masu sana'ar hannu sun biyo su. Da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, sai garin ya ƙara cika. Gonakin jiya sun zama unguwanni. Wasu kuma ba cikin gari suke nufa ba. Gona suke nema a ƙasar Kiyawa, ko Jahun, ko Miga, ko Buji, ko Birnin Kudu, ko Gwaram.

Mai shirin ƙaura yakan tambayi kuɗin fili. Yakan tambayi ruwan sha, da makaranta, da kasuwa, da asibiti. Amma da wuya a sami wanda zai tambayi ta ina iska ke zuwa. Ga shi kuwa wannan tambaya tana iya tsare wa mutum dukiyar da ya shekara 10 yana tarawa.

AMSA A TAƘAICE

Shin ƙasar Dutse tana da iska da yawa? Amsar ita ce, e, tana da ita, amma ba kullum ba, kuma ba iri ɗaya ba.

Wanda ya taso daga Kano, ko Wudil, ko Gaya, ba zai ga baƙon yanayi ba. Lokutan duk ɗaya ne. Sai dai a nan fili ya fi yawa, ƙasa kuma ta fi rairayi, don haka iska ta fi samun wurin gudu. Wanda ya taso daga kudancin ƙasar nan zai sha mamakin hazo da bushewa. Wanda kuma ya gangaro daga bakin iyakar Nijar, kamar Maigatari ko Babura, zai ga abin da sauƙi, domin bishiyoyi da ruwan sama suna ƙaruwa in aka nufi kudu wajen Birnin Kudu da Gwaram.

Irin mahaukaciyar guguwar teku da ake jin labarinta a Amurka ko Bangladash ba ta zuwa nan. Iskar nan tana da lokacinta, tana da hanyarta. Wanda ya san lokacin da hanyar zai zauna lafiya. Wanda ya yi gini ko shuka bai sani ba, shi ne mai kayan karan da iska ke wahalarwa.

SUNAN JIHAR MA AIKIN ISKA NE

Kowane manomi ya san abin da ake kira jigawa. Ita ce ƙasar tudu mai rairayi, wadda gero da gyaɗa da riɗi ke so. Matafiyi a tsakanin Kiyawa da Jahun zai ga tudu mai tsawo, sai kwari, sai kuma wani tudun, suna jere kamar kunyoyin wata ƙatuwar gona.

Masana ƙasa sun bincika waɗannan jigayi. Sun gano cewa tsofaffin tarin rairayi ne irin na hamada. Iska ce ta tara su shekaru dubbai da suka wuce, a wani zamani da ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai. Jigayin sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wato hanyar da iskar hunturu ke bi har yau. Da ruwa ya dawo, sai ciyawa da bishiyoyi suka fito suka riƙe rairayin, ya zauna wuri ɗaya.

Darasin da ke nan a fili yake. Saiwa ce ke riƙe da ƙasar nan. In aka sare, aka ƙone, aka share ta tas, rairayin da ya kwanta zai sake tashi.

ISKA TA FARKO: HUNTURU

Hunturu yakan shigo wajen watan Nuwamba, ya kai har Fabrairu, wani lokaci ya taɓa Maris. Daga arewa maso gabas yake busowa. Busasshe ne, ga sanyi da dare da asuba. Ya fi ƙarfi da hantsi, ya lafa da yamma.

Hazon da yake kawowa ba ƙurar Jigawa ba ce kaɗai. Yawancinsa daga ƙasar Chadi yake, daga wani kwari mai suna Bodele. A zamanin da, Tafkin Chadi ya fi na yanzu girma nesa ba kusa ba, har ya rufe wannan kwari. Da ruwan ya ja baya, sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska tana matsowa ta tsakanin manyan duwatsu biyu, Tibesti da Enedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasar nan ta yi sama da ita. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a wayi gari a Dutse ba a hango duwatsun gari. Wani kaso na ƙurar har teku yake ƙetarewa ya sauka a dazukan ƙasar Barazil.

Hunturu bai cika ɗage kwano ba. Ɓarnarsa ta wata hanya ce.

Na farko, gobara. Danga ta bushe, zana ta bushe, jinka ta bushe, harawa tana bisa rumfa. Tartsatsi ɗaya ya isa. Iska kuma ba ta bari wuta ta tsaya a gida ɗaya.

Na biyu, lafiya. Ƙura tana kawo mura da tari da ciwon ido, tana tayar wa masu asma da ciwonsu. Fata tana kaushi, ƙafa tana faso, leɓe yana tsagewa.

Na uku, hanya. Ranar da hazo ya yi kauri, direba ba ya ganin nesa. Mai bin babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta ratsa ta Shuwarin, sai ya kunna fitila ko da rana ne, ya rage gudu. Irin wannan rana ko jirgin sama yakan fasa tashi.

ISKA TA BIYU: GUGUWAR BAZARA

Daga Maris zuwa Mayu zafi ke mulki. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan kai 40, har ya wuce. A nan ne ake ganin guguwa da tsakar rana, tana juyi a fili, tana kwasar leda da ganye da tsumma.

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Rana tana gasa ƙasar da ba ta da inuwa. Iskar da ke kan ƙasar ta yi zafi, ta yi sama da sauri, ta sanyi ta shigo ta maye wurinta, sai abin ya kama juyawa. Shi ya sa guguwa ta fi yawa a fili fetal, ba ta cika tashi a cikin bishiyoyi ba.

Yawancinta ba ta daɗewa. Takan ɗage rumfa, ta zubar da shanya, ta cika tuwo da ƙasa. Haɗarinta shi ne in ta bi ta kan murhu ko jujin da ake ƙonawa. Saboda haka kada a bar wuta a waje da rana ba mai tsaronta.

ISKA TA UKU: GABAN HADARI

Jama'a, a nan ne babbar magana take. Wanda ya manta da duk sauran jawabin nan, kada ya manta da wannan.

Daga ƙarshen bazara iska takan juya. Sai ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ɗauke da laima. Ita ce ke kawo damina. Amma shi hadari daga gabas yake tasowa. Duk tsohon da aka tambaya zai faɗi haka, masana yanayi ma haka suka tabbatar.

Ga yadda abin yake faruwa a watan Mayu da Yuni, har zuwa farkon Yuli. Gari zai yi tsit, zufa ta yi yawa, ko ganye ba ya motsi. Can da la'asar ko da dare sai gabas ta yi baƙi. Sai a hango jar ƙura ta taso kamar bango. Kafin a kwashe shanya ta iso. Minti 10 zuwa rabin sa'a take yi tana dukan gari, sannan ruwa ya sauko, wani lokaci ma ruwan bai taka kara ya karya ba.

Me ya sa ta farkon damina ta fi ɓarna? Dalili biyu ne. Ruwan da ya fara saukowa daga gajimare yana ƙafewa tun a sama, saboda zafi da bushewa. Wannan sai ya sanyaya iskar wurin, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi, ta bazu kamar an kifar da bokitin ruwa a kan daɓe. Dalili na biyu, ƙasa tsirara take a lokacin. Babu ciyawa, babu shuka, babu abin da zai rage mata gudu.

Wannan ita ce iskar da ke yaye kwanon gidaje da makarantu da masallatai. Ita ke karya turakun lantarki, ta tumɓuke tsofaffin bishiyoyi. Kusan kowace shekara sai an ji labarinta a wani gari na jihar nan, har hukumar ba da agajin gaggawa ta kai ɗauki. Wani lokaci ba dukiya kaɗai ake rasawa ba. Kwanon da iska ta ɗauko ya fi wuƙa kaifi.

In hadari ya taso, a kira yara su shigo ɗaki. A kashe wutar murhu. A rufe ƙofa da taga, musamman na gabas. Kada a fake a gindin bishiya, ko jikin tsohon bango, ko ƙarƙashin wayar lantarki. Wayar da ta faɗo ƙasa kada kowa ya taɓa ta. Mai babur ya tsaya ya nemi gini mai ƙarfi.

Da damina ta kankama a Yuli da Agusta, iska takan yi laushi. Gona ta rufe, ƙasa ta jiƙe, ƙura ta kwanta. Sai kuma wajen ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, hadarin ban kwana yakan zo da iska, ya kwantar da dawa da masara. Daga nan sai kaka, gari ya yi daɗi, kafin hunturu ya sake zagayowa.

In aka haɗa lissafi, iska mai haɗari ba ta wuce 'yan kwanaki a shekara ba. A cikin kwanakin ma, 'yan mintoci ne. Amma saboda waɗannan mintoci ake shirin shekara guda.

ZAƁEN FILI

Baƙo ko da ido makaho ne. Kafin mutum ya biya kuɗin fili, ya je ya tsaya a wurin da ƙafarsa. Ya fuskanci gabas. Me ya gani? In gidaje ne, ko bishiyoyi, ko tudu, to yana da garkuwa. In kuwa fili ne fetal har iyakar ganinsa, to gidansa ne zai zama garkuwar wasu. Filayen bakin gari sun fi araha, amma su ne ke fara karɓar duka. Ba a ce kada a saya ba. A saya, amma a ware kuɗin ƙarfafa rufi tun daga farko.

Kan tudu yana da iska, ga sauƙin zafi da sauro. Kwari yana da lafawar iska, amma yana da nasa ciwon. Mutanen jihar nan ba su manta da ambaliyar 2022 ba, wadda ta ci gidaje da gonaki masu yawa. Kada a guje wa iska a faɗa ruwa. Gefen tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, ya fi.

A cikin garin Dutse akwai maganar duwatsu. Dutse yana tare iska ga wanda ke bayansa. Amma inda duwatsu biyu suka bar rata a tsakaninsu, iska tana matsewa ta wurin ta fito da ƙarfi, kamar yadda take yi a lungu. A kuma lura da hanyar da ruwa ke gangarowa daga kan dutse. Dutse yana riƙe zafin rana har cikin dare, wannan ma abin sani ne.

Sai a dubi gidajen maƙwabta. In an ga an jera duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi a kan kwano, wurin ya ba da labarin kansa. A nemi dattijon da ya daɗe a unguwar, a gaishe shi, a ce, "Baba, ta ina hadari ke shigo muku? Yaushe rabon da iska ta yi ɓarna a nan?" Matambayi ba ya ɓata.

GINI DA RUFI

Magabata sun san iskar ƙasarsu. A dubi tsofaffin gidajen Garu, inda fadar Sarkin Dutse take. Soro ba shi da bakin da iska za ta kama. An yi masa rufi da azara da ƙasa, an zagaye shi da rawani, an sa indararo. Abin da yake bukata shi ne yaɓe kafin damina, musamman bangon gabas, domin shi ne ruwa da iska ke duka.

Yau kwano ya yi yawa. Kwano ba laifi ba ne, amma a san yadda iska ke ɗage shi. Tana bi ta samansa tana zuƙarsa. In ta sami ƙofa ko taga a buɗe, ta shiga ta tura shi ta ƙasa. Takan fara ne daga kusurwa ko baki. Da ta sami ƙusa ɗaya ta saki, sauran sai bi.

Saboda haka maigida ya tsaya a kan kafinta ranar rufi. Ga abubuwan dubawa:

1. A ɗaure katakon rufi da jikin gini. A sa rodi ko langalanga tun ana gini, a naɗe katakon da shi. Rufin da aka aza kawai a kan bango hula ce, ba rufi ba.

2. Kada a yi rowar ƙusa, musamman a baki da kusurwa da tsakiyar sama inda kwano ya haɗu. A yi amfani da ƙusar kwano mai hula.

3. Kada bakin kwano ya zarce bango da yawa. In da hali a ja bango ya wuce kwanon, a yi masa rawani.

4. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure wa iska.

5. A shafa wa katako maganin gara. Katakon da gara ta cinye ba ya riƙe ƙusa.

6. Rumfar ƙofar ɗaki a yi mata rufinta daban. In iska ta ɗauke ta, kada ta tafi da na ɗakin.

Ɗora dutse a kan kwano dabarar dole ce. In iska ta fi ƙarfinsa, dutsen kan mutane zai faɗo.

Ƙofar ɗaki da manyan tagogi su dubi kudu ko yamma in fili ya ba da dama. Ta nan iskar damina mai daɗi ke shigowa. Tagar gabas da ta arewa a yi su ƙanana, masu murfi mai ƙarfi. Amma kada a toshe ɗaki gaba ɗaya, domin ɗaki marar taga gidan cuta ne.

Uwargida ma tana da ta cewa a tsarin gida. Madafi ya yi nesa da danga da rumbu da wurin ajiye harawa. A tuna hunturu daga arewa maso gabas yake zuwa. In murhu yana ta wannan ɓangare, rumbu kuma yana bayansa, to tartsatsi kan rumbu zai sauka. A kewaye murhu da ɗan gajeren bango.

Watan Afrilu shi ne watan duba rufi. A hau a ga ƙusar da ta saki, da katakon da ya ruɓe, da reshen da ya rataya a kan ɗaki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

GONA

Wanda ya zo don noma, ga nasa kason. A ƙasar jigawa, iskar gaban hadari tana kwasar rairayi tana watsa wa ƙaramar shuka. Geron da bai wuce sati biyu ba sai ganyensa ya ƙone kamar an babbake shi, ko rairayi ya binne shi. Manomi ya sake shuka, iri ya ƙare, lokaci ya tafi. Banda wannan, ƙasar saman da iska ke kwashewa ita ce mai taki.

Maganin yana hannun manomi. Kada a share gona tas da rani. A bar wani kaso na kara a kwance, da kututturen gero da dawa. Su ne ke tare rairayi, har su kama ƙurar da ta zo daga wani wuri. A daina ƙona gona. In za a yi kunya, a yi ta a gicciye, ta tare iskar gabas, in gangaren ƙasa ya yarda. A yi shinge mai rai da aguwa, ko cini-da-zugu, ko lalle.

BISHIYA ITA CE BABBAR GARKUWA

Bango yana tare iska, amma iskar takan haura ta sauko da ƙarfi a bayansa. Jerin bishiyoyi kuwa tace ta yake yi, ta fito a gajiye. Masana sun auna sun ga cewa jerin bishiyoyi yana kare fili mai nisan tsawonsa sau 10, ko fiye. Wato bishiyoyi masu tsawon mita 10 suna kare gona har mita 100 a bayansu.

An gwada wannan an gani. A kwarin Majiya da ke Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, an fara dasa layukan darbejiya a 1975, da taimakon ƙungiyar CARE. Da bishiyoyin suka girma, amfanin gonakin da ke tsakaninsu ya ƙaru da kusan kashi 1 cikin 5. Daga baya mutanen wurin suka riƙa samun itace da turaku daga rassan.

A ƙasar Maraɗi kuma, tun shekarun 1980, manoma suka kama wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Maimakon su sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Ta haka miliyoyin bishiyoyi suka dawo gonakin kudancin Nijar. Hausawa ne suka yi wannan, a ƙasar da ta fi ta Dutse ƙarancin ruwa.

A nan gida ma, Jigawa tana cikin jihohi 11 na Arewa da aka sa a shirin nan na Afirka na kafa katangar bishiyoyi don tare hamada. Nijeriya ta kafa wa shirin hukumarsa a 2015. Amma gwamnati ba za ta dasa wa kowa a ƙofar gidansa ba.

Sabon zuwa ya dasa bishiya tun kafin ya gama gini. A jera su ta gabas da arewa maso gabas. Darbejiya tana da saurin girma da jure fari. Bagaruwa da magarya da aduwa suna yin shinge. Gawo abokin manomi ne, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, ga taki. Mangwaro da zogale da dabino suna ba da abinci. Ƙasar Dutse ta yi suna wajen dabino, har akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a garin. Sai dai doguwar bishiya kamar turare kada a dasa ta a jikin ɗaki. A ba ta rata, yadda ko ta faɗi ba za ta kai rufi ba. Watan Yuli ne lokacin dashe. A yi wa dashen kariya daga awaki, a ba shi ruwa a raninsa na farko.

LAFIYAR IYALI

Da hunturu, a rufe wa yara ƙirji da kai da asuba. A shafa musu man kaɗanya ko basilin. A rufe abinci da randa. Mai asma da tsoho su rufe hanci ranar hazo, su ajiye maganinsu kusa. A yayyafa ruwa kafin shara.

Kaskon gawayi kada ya kwana a cikin rufaffen ɗaki. Yana fitar da wata guba da ba a gani, ba a jin warinta, tana kashe mutum cikin barci. A ji ɗumi, a fitar da shi, a kashe.

Sai sanƙarau. Ba iska ce ke haifar da shi ba. Ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta numfashi. Amma ƙura da bushewa suna raunana hanci da maƙogwaro, cutar ta sami ƙofa, cunkoso a ɗaki ya yaɗa ta. Shi ya sa ya fi yawa daga hunturu zuwa bazara, ya lafa in ruwa ya sauka. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka rasu, yawancinsu a Arewa. A 2023 ma cutar ta taɓa Jigawa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga iri 5 na ƙwayar cutar. A kai yara rigakafi. In aka ga zazzaɓi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, da amai, ko maɗigar jariri ta kumbura, a tafi asibiti nan take. Kada a jira gobe.

ISKA BA ABOKIYAR GABA BA CE

Kada a tashi daga nan da tsoro. Da iska mata ke shiƙar hatsi. Ita ke busar da kuɓewa da tumatir da barkono. Alkamar da ake nomawa a fadamun jihar nan ba ta yi sai da sanyin hunturu. Ƙurar hazo ma tana sauke wa gona ɗan abinci. Ruwan randa ba ya daɗi irin na lokacin. Iskar yamma ita ce ke ɗauko damina tun daga teku. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina har an kafa manyan fankoki 37 don samun lantarki daga iska.

Kuma yanzu ba a zaune cikin duhu ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, tana kuma yin gargaɗin hazo da hadari. Gidajen rediyo suna karantawa da Hausa. A riƙa saurare.

KAMMALAWA

To jama'a, mai niyyar zama a Dutse da kewayenta ya taho, ƙasa ce ta zama. Mutane sun yi ɗaruruwan shekaru a cikinta suna noma da kiwo da fatauci. Amma ya taho da abu huɗu a ransa. Hunturu daga arewa maso gabas yake zuwa, a kiyayi wuta da ƙura. Hadari daga gabas yake tasowa, a ɗaure rufi. Ƙasar rairayi ce, kada a bar ta tsirara. Bishiyar da aka dasa bana, ita ce za ta tsare ɗakin 'ya'ya nan da shekara 5.

Kuɗin rodi da ƙusa da dashe bai kai kuɗin bandir ɗaya na sabon kwano ba, balle ran mutum. Tun ran gini, ran zane.

Allah ya ba da zama lafiya. Allah ya kawo damina mai albarka, ya tsare jama'a daga sharrin iska da gobara da ambaliya. Wanda yake da tambaya, fili nasa ne.